Ƙuna a Bayan Hannun Harisu

Ruwa mai ƙarfi ya sauka a Simsim, masu gonaki suka ce a fara shuka. Baƙar ƙasar nan ba ta jiran kowa. In ta sha ruwa kaɗan, tarakta na shiga. In ta ƙoshi, sai ta koma laka mai riƙe taya. A ɗan tsakanin nan direbobi ke yin aikin shekara, suna jan garma mai faifai a gonar da ido ba ya kai ƙarshenta.

Harisu yana cikin direbobin. Wata rana da azahar injinsa ya yi zafi, tururi na fita ta gaba. Ya san abin da ake yi: a kashe, a nemi inuwa, a jira ya huce. Ya dubi hadarin da ke haɗuwa ta wajen Basunda, ya naɗe hannun dama da tsumma, ya murɗa murfin lagireto. Tafasasshen ruwa ya yi tsalle ya wanke masa bayan hannu har kusan gwiwar hannu. Tsumman ya jiƙe. Ƙullinsa ya manne a wuyan hannu, sai da haƙori ya kwance shi.

A kambo, inda ma'aikatan gonar ke kwana, aka zuba masa ruwan randa, sannan aka kai shi gida a ƙauye. Mahaifiyarsa Hajjo ta duba hannun sau ɗaya kawai. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta nuna damuwa a gaban mutane. Ta shiga ɗaki ta kwaɓa lalle, ta lafta masa daga yatsu zuwa gwiwa. Lalle sanyi ne, haka ta gani a wajen tsofaffinta. Washegari ta ƙara wani. Da hannun ya kumbura, surukin Harisu, Modibbo, mahaifin matarsa Barira, ya zo da sandarsa ya ce a tashi a tafi wajen hakim, mai duba marasa lafiya.

Shafakanar ƙauyen, wato ɗan asibitinsu, ɗaki ɗaya ce ta bulo, da rumfa a gaba inda marasa lafiya ke jira. Mai kula da ita Ɗahiru ne, ɗan wan Hajjo. Ya yi shekaru yana karatun jinya a Iskandariya, ya dawo ya karɓi wannan ɗakin. Kowa na ce masa hakim ban da Harisu. Taubasai ne, tun suna kiwon awaki ba su taɓa gaisawa babu tsiya ba.

Yau Harisu bai yi tsiya ba. Ya zauna a benci, ya sunkuyar da kai, saboda Modibbo ya ja kujera ya zauna daidai gabansa. Hajjo ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon waje.

Ɗahiru ya warware zanen da aka ɗaure hannun da shi.

"Goggo, ango kika kawo mini ko majinyaci?"

"Ka wanke ka rage surutu," in ji Hajjo.

Ya wanke da ruwan gishiri, a hankali. Lallen ya fita, launinsa bai fita ba. Bororon ya fashe tun a gida, fatar sama ta saɓule, abin da ke ƙasa ya rine ja mai duhu, ko'ina iri ɗaya.

"Baffa, ga matsalar," Ɗahiru ya ce wa Modibbo. "Ƙuna zurfinta ake dubawa, ba faɗinta kaɗai ba. Da ba lalle, da yatsa zan danna in ga jini ya gudu ya dawo. In ya dawo, wurin na da rai. Yanzu launin ya rufe mini ido. Sai dai in tambayi mai hannun."

Ya ɗauko sabuwar allura, ya ce wa Harisu ya juya fuska ga bango. Ya taɓa bayan yatsan manuni da tsinin.

"Ka ji?"

"A'a."

Ya matsa tsakiyar bayan hannu.

"Nan fa?"

"A'a."

Ya bi gaɓoɓin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya haura sama. Muryar Harisu ba ta canza ba. A'a, a'a, ban ji ba.

"Alhamdu lillahi," in ji Modibbo, ya shafa gemu. "Tun da ba ciwo, ai da sauƙi."

Ɗahiru ya ajiye allurar a faranti.

"Ba sauƙi ba ne, Baffa. Ƙunar da ke ciwo ita ce mai warkewa. Wadda ba a ji, wutar ta cinye har jijiyoyin da ke kai labari. Irin wannan ba ta tsiro da sabuwar fata. In an bar ta, tabo ne zai rufe ta, tabo kuma ja yake yi. Zai janye yatsun nan baya su sandare. Ba zai ƙara damƙe sitiyari ba."

Hajjo ta juyo daga bakin ƙofa, ta sake juyawa.

"To mene ne magani?" Modibbo ya tambaya.

"Birnin Gadarif tukuna, daga nan babban asibiti. A yanko fata a cinyarsa a dasa a hannun. Ko da an yi, ba lallai yatsun su dawo yadda suke ba."

Modibbo ya fara lissafin hanya da baki. Lori ba ya fita a wannan laka, sai dai a roƙi wakilin gona ya ba da tarakta da tirela. Ɗahiru yana jinsa da kunne ɗaya. Idonsa na kan hannun. Wurin da ya share da auduga ɗazu ya sake jiƙewa, yana ƙyalli, ruwa-ruwa na tsattsafowa. Fatar da ta mutu ba ta haka. Bushewa take yi, ta yi tauri kamar ƙirgi.

Ya sunkuya zai ɗauki kwanon wanki a ƙasa, sai ya ga ƙafafun Harisu. Yatsun sun lanƙwashe sun cusa cikin takalmi kamar za su huda shi. Hannun hagu ya kama gefen benci, farce ya shiga katako. Rigar ta jiƙe sharkaf a baya, ga shi ranar akwai iska mai sanyi.

Ɗahiru ya ɗago, ya dubi Harisu, ya dubi Modibbo da ke zaune daf da shi. Mutanensu sun bar shanu tun zamanin kakanni, sun kama noma, amma wannan ba su bar shi ba. Namiji ba ya cewa wayyo a gaban suruki, ko da wuƙa ake yanka shi.

"Baffa, a yi mini afuwa," in ji shi. "Zan duba cinyar da za a ɗebi fatar. Sai ya zame wando."

Modibbo ya miƙe kafin a rufe baki. "Ina rumfa," ya ce, ya fita da sauri har ya manta sandarsa. Hajjo ta riga shi. Ɗahiru ya tura ƙofa.

"Bar wandonka, ba mai son ganin ƙafafun nan naka. Ya zol, mutumina, ƙarya kake yi mini?"

"Ban ji komai ba."

"Bencin gwamnati ne kake ƙwaƙula da farce."

Harisu ya saki bencin. Ya nuna taga da haɓa. A buɗe take, ana jin Modibbo yana gyara zama a ƙarƙashinta.

"Suna ji," ya ce a hankali. "Kai kuma ka fi su. In na yi ƙara yau, har a gidan sunan jikana sai ka ba da labari."

"Zan bayar, ba shakka. Amma saurara tukuna, mai kan garma."

Ɗahiru ya zauna a kujerar da Modibbo ya bari, ya naɗe hannun rigarsa, ya tsunkuli fatar hannunsa ya ɗaga.

"Wannan da kake gani hawa-hawa ce. Ta sama siririya ce kamar ɓawon albasa. Kullum tana zuba, kullum tana sabuwa, ba jini a cikinta. Taka ta tafi, ba komai. Ta ƙarƙashinta ita ce fata ta gaske, mai kauri. Ita majema ke jemewa su yi takalmi. A cikinta hanyoyin jini suke, da jijiyoyin da ke jin zafi da sanyi da tsini, da 'yan rijiyoyin da gumi ke fitowa, da saiwar kowane gashi. Ƙasa da ita sai kitse, shimfiɗa ce tsakanin fata da nama. A bayan hannu shimfiɗar ba ta da yawa, ka ɗan wuce kaɗan sai igiyoyin da ke jan yatsu."

"Karatu ka kira ni ko magani?"

"Ka taɓa ganin wuta ta bi ta kan gonar dawa bayan girbi?"

"Kowace shekara."

"In ruwa ya sauka fa?"

"Gyauro ya fito. In wutar ba ta ci tushen ba."

"Kalas, shi ke nan. Kowane ramin gashi a hannun nan tushe ne. Daga cikinsa sabuwar fatar sama ke hawowa ta bazu. In tushen na da rai, ni wanki da ɗauri kawai zan yi, hannun ya gyara kansa. In ya mutu, sai dashe. Saiwar gashi da jijiyar ciwo maƙwabta ne. In ɗaya na nan, ɗayan ma yana nan. Shi ya sa nake tambayarka. Ka ci gaba da a'a, in sa a fere maka cinya a banza."

Harisu ya dubi hannun, ya dubi tagar.

"Ba zan yi ƙara ba."

"Wa ya ce ka yi ƙara? In ka ji, ka zage ni. Wannan ai ba sabon abu ba ne a kunnen kowa."

Harisu ya ɗan yi murmushi, na farko tun shigowarsa. Ya juya fuska ga bango. Ɗahiru ya ɗauki allura ya taɓa bayan yatsan manuni.

"Rago!" Muryar ta fita da ƙarfi har kwanon rufi ya amsa. "Ragon da ya tsere wa fartanya ya tafi karatu!"

"Madalla. Nan fa?"

"Mai wuyan zalɓe!"

"Nan?"

"Bawana! Bawan gidanmu! Da akuya ɗaya aka sayo ka, ita ma gurguwa!"

Daga rumfa Modibbo ya yi gyaran murya. Aka ji Hajjo na cewa, "Rabu da su, Modibbo, haka suke tun suna yara."

Ɗahiru ya bi gaɓoɓin yatsu a hankali, saboda nan ne abin tsoro. Kowace gaɓa ta samu zaginta. Aka zagi hancinsa, aka zagi Larabcin Masar da ya dawo da shi, aka zagi tafiyarsa, aka ce shayin da yake dafawa ko jaki ba ya sha. Ya ajiye allura ya ɗauki matsefata, ya kama gashi ɗaya a tsakiyar bayan hannu ya ja. Gashin ya ƙi fita, fatar ta biyo shi.

"Allah ya haɗa ka da mata mai dafa kisra da gishirin kanwa!"

"Wannan kuma addu'a ce. Amin dai."

Ya haura sama har gwiwa, zagi bai yanke ba. Sannan ya dawo wuyan hannu, ta bayan, inda ƙullin tsumma ya zauna. Ya taɓa.

Shiru.

Ya ƙara dannawa.

"Ina jira," in ji Harisu. "Ko hannunka ya gaji?"

"Na soka."

Harisu ya juyo ya ga tsinin allura a cikin fatarsa. Ɗahiru ya kama gashi a wurin da matsefata, ya zare shi kamar daga cikin man shanu. Wurin a bushe yake, ya ɗan lotsa. Ya bi gefensa da allura, yana matsawa kaɗan-kaɗan, har zagi ya dawo ta kowane ɓangare, amma yanzu a sanyaye. Matacciyar fatar ba ta fi murfin kwalba faɗi ba.

"To?" in ji Harisu.

"Nan tsumman ya riƙe zafi ya dafa ka. Ba tushe, ba gyauro. Amma ƙarami ne, kuma ba a kan yatsu yake ba. Fata za ta rarrafo daga gefe ta rufe shi. Zai daɗe, zai bar tabo. Sauran hannun naka ne."

"Ba Gadarif?"

"Ba yanzu ba. In wurin nan ya ƙi rufuwa ko ya yi ruwa, da kaina zan ɗora ka a tirela. Kullum da safe ka zo wanki. Ba lalle, ba man inji, ba toka."

"Shuka fa?"

"Shukar bana ta wuce ka. Wani zai ƙarasa. Girbi muke nema."

Harisu ya buɗe baki zai yi gardama, ya dubi hannun, ya fasa.

Ɗahiru ya shafa magani, ya raba yatsun da ƙyalle ɗaya-ɗaya don kada su manne, ya ɗora hannun a kan ɗan katako ya naɗe, ya rataya masa a wuya. Ya yi masa allurar rigakafi. Sannan ya buɗe ƙofa ya miƙa wa Modibbo sandarsa.

"Baffa, a bar maganar tirela. Na sake dubawa da kyau. Hannun zai warke a nan, in Allah ya so."

"Alhamdu lillahi. Cinyar fa?"

"Ba a buƙatarta."

Modibbo ya dubi surukinsa da ke tsaye a baya, kai a sunkuye. "Ka ga yaron nan, hakim? Kana ta soka masa allura a ɗanyen ciwo, ko ƙifta ido bai yi ba."

"Na gani, Baffa," in ji Ɗahiru.

Hajjo ta bari mazan suka yi gaba, ta tsaya tana gyara mayafi.

"Lallen ne ya ɓata?"

"Bai ɓata ba, Goggo, bai gyara ba. Ni ya wahalar. Ki ajiye shi sai biki."

"Wancan ɗin," ta ce, tana nufin ɗanta, "zai ci abinci da hagu ke nan?"

"Na ɗan lokaci. A ba shi ƙwai da madara da wake, duk abin da aka samu. Fata da abinci ake gina ta."

Ta gyaɗa kai ta tafi. Da la'asar wata maƙwabciyarta ta kawo wa Ɗahiru kwanon fura, ba saƙo.

Wankin safe ya fi ƙunar ciwo. Harisu yakan zo shi kaɗai, Ɗahiru ya rufe ƙofa, zagi ya tashi, masu jira a rumfa su sha dariya. Har wata tsohuwa mai ciwon gwiwa ta riƙa sammako don kada a fara ba ta nan. Bayan wanki sai motsa yatsu: a lanƙwasa, a miƙe, a taɓa babban yatsa da ƙarami. Harisu ya fi ƙin wannan. Ɗahiru bai taɓa ɗaga masa ƙafa ba.

Ana nan, wata safiya da aka warware bandeji, sai ga 'yan ɗigo-ɗigo farare a cikin jan naman, kowanne da gashi ɗaya a tsakiyarsa. Harisu ya kai hannun bakin taga ya daɗe yana kallo.

"Ruɓewa ce?"

"Fata ce."

Ɗigon suka yi ta faɗi har suka haɗu. Sabuwar fatar ta fito fara-fara, siririya, tana ƙaiƙayi kamar an zuba ƙaiƙayin dawa a riga. Daga baya baƙi ya fara dawowa, shi ma ta ramukan gashi, ɗigo-ɗigo a kan fari. Barira ta ce hannun mijinta ya koma zabo, sunan ya bi shi har kambo. Wurin wuyan hannu ne ya ja lokaci. Ya yi ta tsukewa daga gefe, dawa ta yi kai kafin ya rufe. Ya bar tabo mai santsi, ba gashi, ba ya gumi. Ɗahiru ya ce a riƙa murza shi da man riɗi safe da yamma don kada ya yi tauri, Barira ta ɗauki wannan aikin.

Da aka yanke riɗi, hanya ta bushe, Harisu ya zo shafakana ba bandeji.

"Dunƙule," in ji Ɗahiru.

Ya dunƙule. Yatsun suka shige tafin hannu gaba ɗaya.

"Lanƙwasa wuyan hannun ƙasa."

Ya lanƙwasa. Tabon ya yi fari, ya ja, ya tsaya kaɗan kafin inda na hagu ke kaiwa.

"Iyakarsa ke nan?"

"Zai ƙara kaɗan in ana murzawa. Ba zai kai na da ba. Sitiyari ba ya buƙatar fiye da haka."

"Wakili ya ce sai ya ji daga bakinka."

"Ka ce masa na ce."

Lokacin girbin dawa, wata safiya Ɗahiru yana shara a rumfa, ya ji ƙarar tarakta daga wajen Simsim. Tirela ce cike da buhuna, za ta kasuwar amfanin gona a Gadarif. A bakin rijiyar ƙauyen hanya ta yi kwana mai tsanani, direbobi kan rage gudu su kama sitiyari da hannu biyu. Harisu ne a sama. Hannunsa na hagu na riƙe da karan rake yana sha. Ya murza sitiyarin da dama kaɗai, tirelar ta biyo shi sumul, ko buhu ɗaya bai motsa ba. Bai tsaya ba, ya ɗaga raken sama ya wuce.

Ɗahiru ya jingine tsintsiya ya shiga ciki. Akwai wata mata da ƙaya ta karye mata a diddige tana jira.